Yadda za a gudanar da zagaye na biyu na fid da gwani ba tare da jam'iyya ta tsage ba

Wannan bayani na kwamitin zaɓen mazaɓa ne, da ejan-ejan ɗin 'yan takara, da jami'an Nasara (reshen zango) na jam'iyyar NPP da ke aiki a Asawase, Aboabo, Tafo da sauran zangunan Kumasi. Misalan daga jam'iyyar giwa, wato NPP, suke, don ita ce gidan masu ra'ayin riƙau a Ghana, amma mutanen lema, wato jam'iyyar NDC, ma za su ga kansu a ciki.

A fara da rabe abu uku da mutane ke haɗawa. Zaɓen ɗan majalisa na ƙasa ba shi da zagaye na biyu, wanda ya fi ƙuri'a ko da ɗaya ce ya wuce. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa, sashe na 63 na tsarin mulkin 1992 ya ce sai an haura rabin ƙuri'un da suka inganta, in ba haka ba a sake cikin kwana 21, kamar yadda aka yi a 2000 da 2008. Na cikin gida ba ya bin ko ɗaya daga waɗannan kai tsaye. Tsarin mulkin jam'iyya da takardar ƙa'idojin da hedikwata ta fitar don wannan zaɓen su ne alƙali. Kwamiti ya samo takardar, ya karanta ta a gaban 'yan takara duka, kowa ya sa hannu a kwafi, tun kafin a buga ƙuri'a.

Abin da za a rubuta kafin ranar zaɓe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tambaya huɗu ce ke kawo rigima, kuma duk amsar da aka ba su bayan an ƙidaya zagayen farko, wani zai ce don shi aka ƙera ta.

Ta farko: me ke jawo zagaye na biyu? Kunnen doki kaɗai, ko rashin haura rabi? In rabi ne, rabin me? Ɗauki misali: deliget 600 sun jefa ƙuri'a, 10 sun lalace. In da ingantattu ake lissafi, 590 ke nan, mai 296 ya ci. In da duk abin da ke cikin akwati ne, sai 301. Ɗan takarar da ya samu 298 ya ci a lissafi ɗaya, bai ci a ɗayan ba, kuma a kan wannan ƙuri'a biyar ake fasa kujeru.

Ta biyu ita ce mai nauyi: su wa za su yi zaɓen? Amsar da ba ta da hayaniya ita ce waɗanda suka yi na farko, da albam ɗin, wato rajistar deliget mai hotuna, da aka yi na farko da shi, ba ƙari ba ragi. Abin da ya faru a watan Agusta na 2023 ya isa darasi. A taron manyan deliget na ranar 26, inda NPP ta tace masu neman tikitin shugaban ƙasa su zama biyar, Boakye Agyarko da Francis Addai-Nimoh suka yi kunnen doki a matsayi na biyar da ƙuri'a 9 kowanne. Maimakon a mayar da su gaban mutum sama da 900 da suka yi zaɓen farko, sai aka ce 'yan majalisar ƙoli ta jam'iyya kaɗai za su raba gardama. Agyarko ya ce an taka tsarin mulkin jam'iyya, ya janye. In kujera ta biyar ta jawo wannan, to a auna tikitin mazaɓa.

Albam ɗin kansa a manna shi a ofishin mazaɓa aƙalla mako guda kafin zaɓe, a ba kowane ɗan takara kwafi iri ɗaya mai hatimi a kowane shafi. A fid da gwanin 2024, mafi yawan sunayen na shugabannin rumfar zaɓe ne, mutum biyar biyar: ciyaman, sakatare, oganeza, shugabar mata da shugaban matasa, sai masu kula da gundumomin zaɓe da shugabannin mazaɓa. A duba waɗanda suka rasu, da waɗanda suka tafi ci-rani, a ja layi a kan sunansu da yardar kowa. A zango sunaye na maimaituwa, Abdullahi Muhammad uku a gunduma ɗaya ba abin mamaki ba ne, don haka hoto da lambar kati ake bi. A fid da gwanin mazaɓar Walewale, ƙuri'a 7 ce ta raba Mahama Tia Kabiru da Lariba Zuweira Abudu a Janairun 2024. Aka kai ƙara kan waɗanda suka jefa ƙuri'a, babbar kotun Tamale ta soke zaɓen, wanda aka sake a Satumba kuma ya watse wajen ƙidaya, wata uku kacal kafin babban zaɓe.

Ta uku: yaushe? Ranar ko bayan mako? Kowanne da aibinsa, amma ranar ta fi. Mako guda kasuwa ce, farashin ƙuri'a ya ninka, wanda ya zo na uku ya zama dillali. Matsalar yi a rana ɗaya ita ce deliget na watsewa da zarar sun dangwala, musamman matan da suka bar rumfarsu a kasuwar Kejetia. Maganinsa a sanar tun da safe cewa kowa ya jira sakamako, a tanadi ruwa da abinci daga asusun jam'iyya, kuɗin mota kuma a riƙe shi sai an tashi. A tsayar da lokacin Azahar da La'asar a cikin jadawali, a rufe bakin akwati da hatimi a gaban ejan kafin a tafi salla. A ajiye janareta da fitila ko da ana ganin za a gama da rana.

Ta huɗu gajera ce: in an sake kunnen doki fa? A rubuta amsa, ko me ce ce.

Ranar zaɓen

Jami'an hukumar zaɓe ta EC ke gudanarwa, 'yan sanda ke tsaro. Kada kwamiti ya yarda da ƙartin wani ɗan takara a bakin ƙofa, dokar 2019 mai lamba 999 ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na jam'iyyu. Takardar ƙuri'ar zagaye na biyu a bugo ta tun farko da wata kala dabam. Tunda ba a san su wa za su rage ba, a bar sunayen duka, shugaban zaɓe ya soke na waɗanda suka fita a gaban ejan, a kuma faɗa cewa dangwala wa wanda ya fita lalatacciya ce. A ƙirga takardun kafin a fara, a rubuta lambar farko da ta ƙarshe. Waya ba ta shiga wurin dangwale, don hoton ƙuri'a shi ne rasit ɗin mai sayen ta. A ƙarshe, waɗanda aka yi amfani da su, da waɗanda suka ɓaci a hannu, da ragowar, dole su koma adadin farko. In ba su koma ba, a sake ƙirgawa kafin a ambaci sunan kowa.

Akwai kuma hanyar janyewa. A Legon, Disambar 2007, mutum 17 suka tsaya neman tikitin shugaban ƙasa na NPP, Akufo-Addo ya samu kusan kashi 48, Alan Kyerematen kusan 32, Alan ya janye ba a yi zagaye na biyu ba. An tafa, amma tsamin bai mutu ba, ya yi ta dawowa har Alan ya bar jam'iyyar a Satumbar 2023. Janyewa tana amfani in na biyun ya zauna da mutanensa tukuna, ya faɗa musu da bakinsa, kuma abin da aka yi alkawari yana rubuce. Wadda dattawa suka tsara a ɗaki, mabiya kan ce an sayar da su.

Bayan an sanar da sakamako

Wanda ya ci ya taka har gidan wanda ya faɗi cikin kwana biyu, ba ɗan jarida, ba ayari. Ya haramta wa yaransa habaici a Facebook da WhatsApp, don waƙar zambo ɗaya kan rushe abin da aka yi wata ana ɗinkewa. Kwamitin kamfe a raba shi gwargwadon ƙuri'a: wanda ya tashi da kashi 45 ba a sallamarsa da kujerar mai ba da shawara, a ba mutanensa gundumomin da suke da ƙarfi da kuɗin aikinsu. Liman da Sarkin Zango a roƙe su addu'a kawai, kada a jawo su rabon muƙami, sahunsu akwai giwa akwai lema.

Ɓaraka a wannan jam'iyya ba kasafai take zama sauya sheƙa ba. Wanda ya taso a gidan Danquah, Busia da Dombo, kakannin jam'iyyar, da wuya ya dangwala wa lema, sai dai ya yi ɗaya cikin uku. Ko ya yi siket da bulawus, ya ba ɗan takarar shugaban ƙasa ya hana na majalisa. Ko ya zauna gida: ƙuri'ar NPP ta faɗo daga sama da miliyan 6.7 a 2020 zuwa ƙasa da miliyan 5 a 2024, alhali ƙarin da John Mahama na NDC ya samu bai kai rabin miliyan ba, ko da yake tsadar rayuwa na da babban kaso a ciki. Ko kuma ya bi indifenda. Don gane wacce ke tafe, sakatare ya ɗauko takardun sakamakon rumfuna na zaɓen baya, ya jera ƙuri'ar shugaban ƙasa kusa da ta majalisa, rumfa rumfa. Inda tazara ta yi faɗi, can za a fara zama da shugabannin rumfar.

Ƙa'idar jam'iyya ta ce wanda ya tsaya indifenda ko ya mara masa baya ya fita da kansa. Kwamiti kada ya yi gaggawar rubuta takardar kora kafin EC ta rufe karɓar fom, ranar ce ƙarshen damar lallashi. Joe Osei Owusu ya ci Bekwai a indifenda a 2008. A 2020 Andrew Asiamah Amoako ya yi haka a Fomena, majalisa ta tsaya 137 da 137, jam'iyyar da ta sallame shi ta koma neman kujerarsa don ta samu rinjaye, ya zama mataimakin kakaki na biyu.