Yadda mai neman takara zai lissafa kuɗinsa kafin ya sayi fom

A Najeriya ba a tsayawa takara sai ta ƙarƙashin jam'iyya, haka kundin tsarin mulki na 1999 ya tanada. Saboda haka kuɗin farko da zai bar aljihunka asusun jam'iyya zai shiga, tun masu zaɓe ba su san da zamanka ba. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. PDP ta karɓi miliyan 40, da miliyan 21, da miliyan 3.5, da miliyan 2.5, da naira dubu 600 a kan waɗannan kujeru bi da bi. Dukansu biyu sun yi wa mata da matasa rangwame, don haka ka tambaya a sakatariya kafin ka biya. Kuɗin fom ba ya dawowa, ko an ba ka tikiti ko an ce ka janye wa wani.

Gyaran tsarin mulki na watan Mayun 2018 ya sauko da shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Abin takaici, farashin fom bai bi su ƙasa ba, kuma a nan matasa da yawa suke tsayawa.

Iyakar da doka ta sa

Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe a sashe na 88: shugaban ƙasa biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, ɗan majalisar jiha miliyan 30. Dokar ta 2022 ta kuma hana mutum ɗaya ba ɗan takara gudummawar da ta haura miliyan 50. Wanda ya zarce iyaka yana sane, hukuncin da ta tanadar masa shi ne tarar kashi 1 cikin 100 na abin da aka yarda masa ya kashe, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. Majalisa kan taɓa waɗannan alkaluma idan ta gyara doka (a dokar 2010 iyakar ɗan majalisar wakilai miliyan 20 ce), don haka ka sa lauyanka ya kawo maka dokar da ke aiki a shekarar da za ka tsaya. Ka buɗe asusun banki na takara daban da na gida, ka sa mutum ɗaya mai amana ya riƙa rubuta shiga da fita, da rasit.

Fara lissafi daga ƙarshe

Kuskuren da ya fi kayar da masu kuɗi shi ne su ƙarar da abin hannunsu a fasta da taron gangami da mawaƙa, ranar zaɓe ta zo ba su da abin sallamar ejan. Juya lissafin. Abu na farko da za ka ware, ka kulle, kada kowa ya taɓa, shi ne kuɗin ranar zaɓe da na lauya.

Ka je ofishin hukumar zaɓe ta INEC na ƙaramar hukumarka ka karɓi adadin rumfunan zaɓen mazaɓarka. A 2023 rumfuna 176,846 ne a mazaɓun kansila 8,809 na ƙasar nan. Kowace rumfa tana buƙatar ejan da jam'iyya za ta miƙa sunansa da hotonsa ga INEC kafin wa'adi ya cika, kuma mai hankali yana tanadar mutum na biyu a wajen layi, ko da na farko zai yi ɓatan dabo. Ɗauki misali: rumfa 300, mutum biyu-biyu, kowa naira dubu 10, miliyan 6 ke nan, ba a sa abinci da katin waya da man mota ba. Sai ejan na wurin tattara sakamako a kowace mazaɓa da ƙaramar hukuma. Waɗannan su ne za su kwana a zaune, su ne kuma abokin hamayya zai fi nema ya saya. Ka zaɓi ɗan unguwar da yake da rajista a rumfar, wanda ya iya karatu da lissafi, ka horar da shi kan takardar sakamako ta EC8A: ya duba adadin masu zaɓen da na'urar BVAS ta tantance, ya sa hannu bayan an cike, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoto. Ka ba shi rabin kuɗinsa da safe, rabi idan ya kawo takardar. Abin da 'yan siyasa ke nufi da a kasa, a tsare, a raka ke nan, kuma tsarewa da rakiya kuɗi suke ci.

Shari'a kuwa ba ta jiran ka tara kuɗi. Ƙarar rikicin fidda gwani kwana 14 gare ka ka shigar. Ƙarar zaɓe kwana 21 daga ranar da aka bayyana sakamako, kotun kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kwana 60. Ko kai ka ci za a iya maka ka, dole ka kare kujerarka. Ka yi ciniki da lauya tun kafin zaɓe, a rubuce, a faɗi har da kuɗin kawo shaidu da na karɓar kwafin takardu masu hatimin INEC.

Fidda gwani, inda kuɗi ke nutsewa

Dokar 2022 ta amince da hanya uku: ƙato-bayan-ƙato, da zaɓen daliget, da masalaha. Ka san wadda dokar da ke aiki ta yarda da ita da wadda jam'iyyarka za ta bi kafin ka kashe sisi, domin kowacce da irin cinta. Ƙato-bayan-ƙato na cin kuɗin mota da na tara 'yan jam'iyya a kowace mazaɓa. Masalaha ba ta halatta sai duk waɗanda aka tantance sun rubuta cewa sun janye da yardarsu, don haka kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Zaɓen daliget shi ne kasuwar da ta fi tsada kuma ta fi rashin tabbas: mutum ɗaya zai karɓi na 'yan takara uku, ya rantse wa kowa, ya jefa wa wanda gwamna ko jagoran jam'iyya ya nuna. Wanda ya shekara biyu yana zuwa taron mazaɓa, yana biyan hayar ofishin jam'iyya, yana halartar suna da jana'iza, ya fi samun amana da araha a kan baƙon da ya sauko daga Abuja da jaka saura mako guda.

Daga ina kuɗin zai fito

Idan ma'aikacin gwamnati ne kai, tsarin mulki ya ce ka ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, jam'iyya kuma kan nemi ganin takardar murabus tun kafin nan. Ka tanadi abincin gida da kuɗin makarantar yara na shekara guda, ka ware su daga kuɗin takara. Kada ka sayar da gidan da iyalinka ke ciki, kada ka jinginar da gonar gado, kada ka ci bashin da sai ka ci zaɓe za ka iya biya. Kujera ɗaya ce, masu nemanta da yawa.

Kuɗin ubangida ya fi kowane kuɗi tsada. Ba ya zuwa da takardar bashi, amma yana zuwa da jerin sunayen da za a ba muƙami da kwangila, kuma mai shi ba ya mantuwa. Gudummawar mutum dubu da kowa ya ba da kaɗan ta fi ta mutum ɗaya amfani, saboda wanda ya sa kuɗinsa zai fito ranar zaɓe, ya zo da matarsa. 'Yan NEPU da PRP na Malam Aminu Kano da karo-karo da kekuna suka yi yaƙin zaɓe, kuma a 1979 PRP ta ci gwamna a Kano da Kaduna. Ka karɓi gudummawar da ba ta kuɗi ba: aron mota, ɗakin taro, buga fasta, girkin mata ranar gangami, ka rubuta ƙimar kowacce a littafi.

Rabon taliya da atamfa da kuɗi a bakin layi laifi ne. Sashe na 121 na dokar 2022 ya sa tarar da ta kai naira dubu 500 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun, kuma mai bayarwa da mai karɓa duk sun shiga ciki. Ban da haram ɗin da ke cikinsa, asara ce: rabin kayan a hannun masu rabo yake tsayawa, wanda bai samu ba ya zama maƙiyinka, wanda ya samu kuma ba ka ganin inda ya dangwala. Kuɗin da za ka zuba a nan ka mayar da shi lokacin rajista, ka tura mutane gida-gida su tabbatar magoya bayanka sun karɓi katin zaɓe sun kuma san rumfarsu, ka sayi minti goma sha biyar a gidan rediyon da mutanen mazaɓarka suke saurare da daddare, ka riƙa zuwa da kanka duk mako.