Kurakuran da ke sa maganin dabbobi ya daina ci

Masu kiwo da yawa suna kukan cewa allurar da a da take tayar da saniya a karo ɗaya, yanzu sau uku ma ba ta yi. Nan take sai a ce jabu ne. Jabun magani akwai shi, amma sau da yawa maganin na gaske ne, ƙwayar cutar ce ta gagare shi, kuma da hannunmu muka koya mata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ba kowace cuta maganin kashe bakteriya. Kaza ta takure, sai a fasa kafson ja da yalo a zuba mata a ruwa. Alhali boru a shanu da cutar Niyukasil a kaji bairos ne ke kawo su, kuma maganin kashe bakteriya irin su oksitetrasaikilin ba ya taɓa bairos ko kwalba guda aka ƙarar. Gyaran nan rigakafi ne. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin na Niyukasil, kuma kuɗinsa bai kai asarar keji guda ba.

Sai auna magani da ido, da dainawa da wuri. An ce kwana biyar, a na biyu akuya ta fara tuƙa, sai a ajiye sauran don gaba. Abin da ya faru a cikinta shi ne, raunanan ƙwayoyin sun mutu, masu taurin kai sun tsira sun hayayyafa. Jikin akuyar bai saba da magani ba, kamar yadda ake faɗa. Ƙwayar ce ta canza, kuma za ta iya wucewa ga ɗanka da ke share turken. A kimanta nauyin dabba, a bi adadin da likitan dabbobi ya faɗa har kwanakin su cika.

Wanda ya fi damuna shi ne na masu kajin gona, da ke zuba magani a ruwa tun ranar da 'yan tsaki suka iso, wai don su yi saurin girma. Tarayyar Turai ta hana wannan tun 2006. A 2015 masu bincike a Sin suka gano bakteriya a jikin aladu da ta gagari kolistin, maganin da asibiti ke komawa gare shi idan sauran sun kasa, kuma a 2017 ƙasar ta hana sa shi a abincin dabbobi. Juya ledar maganin kajinka ka karanta, ba mamaki ka ga sunan kolistin. Busasshen ɗaki, ruwa mai tsabta da rage cunkoso sun fi shi aiki.

Kada kuma a kai wa mahauta saniyar da aka yi wa allura jiya, ko a sayar da nononta. Jikin kwalbar yana ɗauke da kwanakin da za a jira.

Mushe kuwa da ake jefawa a juji ko bakin rafi, ungulu da ɓeraye su ci, belbela ta taka kashin garke ta sauka a wani tafki, a haka ƙwayar ke shiga dabbobin daji inda babu mai iya bin ta. A haƙa rami mai zurfi a binne shi. Kashin kaji kuma a tara shi ya yi zafi ya ruɓe sosai kafin a kai shi fadamar latas da tumatir.