Ga mai shirin shigar kosfile ta farko

'Yan'uwa masoya anime (katun ɗin Japan) da gem, in wannan ne karonku na farko na kosfile, wato yin shiga irin ta wani ɗan cikin anime ko gem, kada ku fara da gwarzo mai sulke. Ku zaɓi mai kaya masu sauƙi, irin yunifom ɗin makaranta. Rabin kayan ma a gwanjo za ku samu.

Wajen tela kuwa, hoto ɗaya ba ya isa. Ku kai na gaba, na baya da na gefe. In ɗan cikin gem ne, ku juya shi ku ɗauki hoton bayansa, in ba haka ba maigida tela zai cike da tunaninsa, ya liƙa muku aljihu inda babu. Yadin auduga za ku saya, mai roba dafa mutum yake yi da rana.

Takobi da garkuwa da soson EVA ake yi, irin na shimfiɗar ɗakin motsa jiki. A shafe shi da farin gam na kafinta sau biyu, ya bushe kafin fenti, don shanye fenti yake yi. Gashin kanti kuma kada ayan ya taɓa shi, yawancinsa narkewa yake.