Darasi na Shida: Saita Kwamfuta da Tabulet Su Dace da Mai Su

A darasin da ya gabata mun koyi kunna kwamfuta da kashe ta, da yadda ake tura kibiya da linzami. Yau za mu shiga wurin da mutane da yawa ke shakkar taɓawa, wato saiti.

Yawancin laftof da tabulet da ke hannunmu a Zariya ba sababbi fil aka saye su ba. Na hannu ne, wasu daga Ingila, wasu daga Amurka ko Dubai, sun biyo ta Legas ko Kano kafin su iso shagunan Sabon Gari da PZ da Samaru. Wani kuma ɗansa ne ya gama jami'a ya bar masa tasa. Duk na'urar da ta zo haka tana ɗauke da tsarin mai ita na farko: agogon garinsu, harshensu, da girman rubutun da ya yi wa idonsa daidai. Kamar rigar gwanjo ce, sai tela ya rage nan ya saki can kafin ta zauna a jiki. Sai dai a nan kai ne telan, kuma ba a biyan ko sisi.

Ina ƙofar take?

Nemi wata 'yar alama zagayayya mai haƙora a gefenta. A ƙarƙashinta an rubuta Settings. A kwamfuta mai Windows, ka danne maɓallin da ke da hoton taga, a layin ƙasa ta hagu, sannan ka taɓa harafin I. A tabulet, ka ja yatsa daga saman fuska zuwa ƙasa, za ka ga alamar a can gefe.

Kusan duk abin da ka canza a nan ana iya mayar da shi yadda yake. Ka dai riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, kuma ka duba yadda yake kafin ka taɓa. Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya ɗauki hoton fuskar da wayarsa tukuna. Wuri ɗaya ne za ka nisanta: duk inda ka ga an rubuta Reset. Wannan yana iya share hotuna da takardu gaba ɗaya. Ba aikin yau ba ne.

Agogo da kwanan wata

Dubi kusurwar ƙasa ta dama. Lokacin da ke can ya yi daidai da na wayarka? Dubai tana gaban Nijeriya da awa 3. Ingila tana bayanmu da awa 1 a lokacin sanyinsu, a lokacin zafinsu kuma agogonmu ɗaya. Don haka kwamfutar da ta zo daga can tana iya nuna maka lokacin da bai shafe ka ba. Shiga sashen lokaci da harshe, ka zaɓi yankin da aka rubuta +01:00 na Afirka ta Yamma. A tabulet sau da yawa sunan Legas za ka gani. Sannan ka kunna zaɓin da ke barin na'urar ta riƙa saita agogonta da kanta.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Idan kwanan wata ya kauce da nisa, shafukan intanet da yawa, musamman na banki da imel, sukan ƙi buɗewa, su nuna gargaɗi. An sha kai kwamfuta wurin mai gyara a kan haka, alhali lafiyarta lau. Amma in ka gyara yau, gobe ka kunna ka tarar ta koma shekarun baya, to wani ɗan batir ne mai faɗin kwabo da ke cikinta ya mutu. Wannan kam na mai gyara ne, kuma ba shi da tsada.

A wurin dai, ka sa ƙasarka Nijeriya. Amurkawa da wata suke farawa kafin rana. In suka rubuta 3/4, huɗu ga Maris suke nufi, mu kuwa uku ga Afrilu muke karantawa. Ga mai rubuta rasit ko lissafin bashi, wata guda cur ke nan tsakani.

Ido

Wanda ya haura arba'in ba sai an gaya masa ba. In kana matse ido ko kana kai hanci jikin gilashi, rubutun ne ya yi ƙanƙanta, ba karatunka ne ya gaza ba. A tabulet, shiga sashen fuska, wanda aka rubuta Display, ka ja ɗigon girman rubutu zuwa dama. A Windows 11 yana ƙarƙashin Accessibility. In kuwa shafi ɗaya kake son ƙarawa a intanet, danne Ctrl ka taɓa alamar +, zai ƙaru. Ctrl da alamar − yana ragewa, Ctrl da 0 yana mayar da shi yadda yake. A tabulet yatsu biyu ake ɗorawa a ware su.

Haske ma a rage shi da dare. Ido zai huta, batir zai ƙara daɗewa.

Haruffanmu masu lanƙwasa

A nan za mu ɗan daɗe. A garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma daga nan littattafan yaƙi da jahilci suka riƙa bazuwa cikin Arewa a shekarun 1950. Bai kamata a ce mutumin Zazzau yana rubuta Hausa ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ don kawai bai san inda suke a na'ura ba. Wanda ya aika saƙo cewa ya sayi "kafa" ko yana jiran "dan" uwansa, za a gane dai, amma mai karatu ne ke yin aikin da ya kamata mai rubutu ya yi.

A tabulet abin da sauƙi. Da yawa daga cikinsu suna amfani da madannan Gboard. Buɗe wurin rubuta saƙo, ka taɓa alamar saiti da ke saman haruffa, ka shiga harsuna, ka ƙara Hausa ta Nijeriya. Daga nan in ka ɗora yatsa a kan k ka ɗan jinkirta, ƙ za ta leƙo a sama, sai ka zame yatsan zuwa kanta ka saki. Haka d da b. Ba sai ka cire Turanci ba. Alamar duniya da ke kusa da dogon maɓallin ƙasa ita ke juya ka daga wannan harshe zuwa wancan.

A Windows ma ana ƙara Hausa a sashen harshe, sai a riƙa sauyawa da maɓallin taga haɗe da dogon maɓallin tazara. Ga mai aiki da Word, manhajar rubuta takardu, akwai wata dabara. Rubuta 0199, ka danna Alt da X tare, lambar za ta rikiɗe ta zama ƙ. Ta ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. Ka bar tazara kafin lambar, ka goge tazarar daga baya, don kada kwamfuta ta haɗa lambar da harafin da ke gabanta. Wasu sukan rubuta haruffan nan sau ɗaya a saman takarda, su riƙa kwafowa da Ctrl da C, suna mannawa da Ctrl da V. Hanya ce mai jinkiri, amma tana kaiwa.

Wani dattijo tela a ajinmu ya taɓa ɗaga hannu ana cikin koyon rubuta adireshin imel.

"Malam, tawa fa ta lalace. Na danna alamar nan mai kamar a a cikin zobe, sai wasu ƙananan ƙahoni biyu ke fitowa."

"Baba, ba ta lalace ba. A kan wane maɓalli aka zana alamar a taku?"

"A kan lamba biyu."

"To madannanku irin na Amurka ne, amma a ciki an saita ta a kan na Ingila. Ku duba kusa da agogo, ku sauya."

Abin da ya faru ke nan. A tsarin Amurka, Shift da 2 ne ke ba da @. A na Ingila, Shift da 2 alamar zance yake bayarwa, ita kuwa @ tana can dama kusa da Enter. In abin da ke zane a maɓalli ya saɓa da abin da ke fitowa, kafin a zargi na'ura a duba wannan.

Inda data ke zurarewa

Kukan da aka fi yi ke nan: "Jiya na sa data, na jona laftof da wayata, kafin la'asar ta ƙare, ban kalli komai ba." Gaskiya ne ba ka kalli komai ba. Kwamfutar ce ta ga intanet ta hau sabunta kanta a ɓoye. Giga ɗaya kusan mega 1,000 ne, kuma sabuntawa babba ta Windows tana iya cinye giga da dama. Ita ba ta san daga wayarka take sha ba, duk Wi-Fi ɗaya ne a wurinta.

Maganin shi ne ka gaya mata. Shiga sashen intanet a saiti, ka taɓa sunan Wi-Fi ɗin wayarka, ka kunna inda aka rubuta Metered connection. Ka sanar da ita ke nan cewa wannan layi awo ake yi, sai ta rage ɗibar da take yi a bayan fage. A tabulet, shiga saitin Play Store, inda ake sauko da manhajoji, ka hana manhajoji sabunta kansu. In ka bar shi a kan "sai da Wi-Fi" kuma kana jona ta da wayarka, ba lallai ne ka tsira ba, dalilin ɗaya ne. A WhatsApp kuma ka kashe saukar da bidiyo da hotuna kai tsaye. Mai zaure goma na 'yan uwa da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai ya san abin da nake nufi.

Amma kada a hana sabuntawa har abada, domin da ita ake toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. A ware mata rana, lokacin da aka samu data mai rahusa ko Wi-Fi na wurin aiki. Mai shirin sayen laftof kuma ya san cewa Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025. Na Windows 7 ya tsaya tun Janairun 2020. Ka tambayi mai shago ko na'urar tana ɗaukar Windows 11 kafin ku yi ciniki.

Zafi, ƙura da wuta

Kada a ɗora laftof a kan katifa ko darduma tana aiki. Ta ƙasa da gefe take shaƙar iska, in aka toshe sai ta yi zafi ta mutu da kanta, balle a watan Maris da Afrilu. Da hunturu a rufe ta a sa cikin jaka in an gama. In an tayar da janareta, a bari ya daidaita kafin a jona caja.

Adana aiki

Ctrl da S. Ka saba wa yatsunka da shi, bayan kowane sakin layi, musamman in batirinka ya tsufa ko kwamfutar tebur ce da ke mutuwa da zarar an ɗauke wuta. Karo na farko za ta tambaye ka suna da wurin ajiya. Ba ta suna mai ma'ana, kamar "Lissafin shago Yuli", kuma ka buɗe folda ɗaya ta shago, ɗaya ta takardun makarantar yara, maimakon zube komai a fuskar kwamfuta.

In ka goge rubutu bisa kuskure, Ctrl da Z zai dawo da shi. Fayil ɗin da ka share yana kwandon shara da ke fuskar kwamfuta, ana iya ɗauko shi. Amma wanda ka share daga filash ba ya zuwa kwandon, ya tafi ke nan. Muhimman takardu a ajiye su wuri biyu.

Kulle

Sa wa na'urarka lambar sirri. Ban da 1234, ban da shekarar haihuwarka, ban da ƙarshen lambar wayarka, kuma kada ta zama ɗaya da ta katin banki. A Windows, maɓallin taga da L yana kulle fuska nan take, in za ka tashi alwala ko mai saye ya kira ka. In jikoki ne ke wasa da tabulet ɗin, a sa musu ido ko a buɗe musu nasu ɓangaren daban, inda na'urar ta ba da dama.

Wata Hajiya ta tambaya ko laifi ne ta ba yaron shagon buga takardu lambar imel ɗinta ya shigar mata.

"Hajiya, ku zauna ku shigar da hannunku, ko da zai ɗauki lokaci. In kwamfutar ta tambaya ko ta riƙe lambar, ku ce a'a. In kun gama ku fita daga imel ɗin, rufe shafi kawai bai isa ba. Hoton katinku na NIN da kuka tura a buga, ku sa ya goge shi kuna gani."

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowa ya gyara agogon na'urarsa ya kwatanta da na wayarsa. Ya ƙara Hausa a madannai, ya rubuta wannan jimla ba tare da barin lanƙwasa ko ɗaya ba: "Ɗan ƙanena ya ɓatar da ƙwarya a Ƙofar Doka." Ya adana ta da sunansa a cikin foldar da ya buɗe da kansa, ya kashe na'urar, ya sake kunnawa, ya nemo fayil ɗin. Wanda ba shi da na'ura a gida ya zo da wuri ya yi a ta aji, kuma kowa ya taho da cajarsa.