Yadda 'yan adawa ke kaɗa ƙuri'a kan yarjejeniyar da ta raba kan ƙasa

Na bi rikicin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai tun farkonsa, kunnena a rediyo, kuma ga abin da zan faɗa wa duk jagoran adawa.

Fara da ƙirga 'yan tawayen jam'iyya mai mulki kafin ka buɗe baki. Ranar 15 ga Janairun 2019, a majalisar dokoki, jam'iyyar adawa ta Labour ta Jeremy Corbyn ta ƙi yarjejeniyar ficewa ta Firaminista Theresa May, 'yan Conservative mai mulki su 118 suka bi sahun Labour, yarjejeniyar ta faɗi da ƙuri'a 432 da 202. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Washegari Corbyn ya kawo ƙudurin rashin amincewa da gwamnati, 'yan tawayen nan suka koma goyon bayan gwamnatinsu, ya sha kaye da 325 da 306. Ni a ganina ya yi gaggawa.

Sannan ka duba abin da zai biyo bayan "a'a". A ƙarshen Disamban 2020 zaɓi biyu ya rage: yarjejeniyar kasuwancin Firaminista Boris Johnson, ko fita daga kasuwar Tarayyar Turai ba yarjejeniya. Keir Starmer, wanda ya gaji Corbyn a shugabancin Labour, ya kira ta mai rauni, amma ya umarci mutanensa su goyi baya, ta wuce da 521 da 73.

Ƙaurace wa ƙuri'a kuwa, kada ka yi sai dole. Masu zaɓe na ɗaukarsa tsoro. Idan za ka tilasta wa mambobinka bin umarni, ka san tun da wuri waɗanda mazaɓunsu ba za su yafe musu ba, ka zauna da su ɗaya bayan ɗaya.