Darasi na Bakwai: Renon Kasuwarina a Kasko

Akwai wani itace da in iska ta ratsa shi sai a ji kamar mutum ne yake fito. Sunansa kasuwarina. Ku karanta sunan a hankali: ka-su-wa-ri-na. Ba shi da wata dangantaka da kasuwa. An samo sunan daga kalmar "kasuari" ta harshen Malay, wadda take nufin wani ƙaton tsuntsu da ba ya tashi sama, domin siraran rassan itacen sun yi kama da gashin tsuntsun. Asalin itacen daga Ostareliya ne, da kudu maso gabashin Asiya, da tsibiran tekun Pasifik. A bakin teku yakan kai tsawon mita 30. Mu kuwa so muke ya tsufa a cikin kasko, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba.

Wannan sana'a ta ƙanƙantar da itace ita ake kira bonsai. Kalmar Japananci ce, ma'anarta shuka a cikin faranti. Mutanen Sin ne suka fara ta, mutanen Japan suka karɓa suka yi mata suna a duniya. Amma a fannin kasuwarina, masu reno na Indonesiya da na Taiwan ne suka yi fice. A Indonesiya suna kiran itacen "cemara udang", kuma tsibirin Madura ya shahara da shi.

Ku fara sanin itacen

Ku tsinko ɗaya daga cikin korayen zaren nan da suke lilo a jikinsa, ku kawo shi kusa da ido. Mutane da yawa suna ɗauka ganye ne. Ba ganye ba ne, ƙaramin reshe ne, kuma gaɓa-gaɓa yake kamar kara. Ku ja shi a hankali, zai rabu daidai kan gaɓa. A bakin inda ya rabu za ku ga wasu ƙananan haƙora sun kewaye shi. Waɗannan haƙoran su ne ganyen na gaskiya. A irin da yake fitowa a bakin teku, haƙoran sukan zama 6 zuwa 8. Ku riƙe wannan bayani na gaɓa, za mu dawo kansa idan mun zo aski.

Abu na biyu yana cikin ƙasa. A jikin saiwar kasuwarina akwai ƙulle-ƙulle masu tauri. Wanda bai sani ba sai ya ce cuta ce, ya sa wuƙa ya kankare. Kada ku yi haka. Gida ne na wasu ƙwayoyin halitta da ake kira Farankiya, waɗanda suke ɗebo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin itacen. Shi ya sa kasuwarina take rayuwa a rairayin da wasu itatuwa ba za su kai labari ba.

Kauri tukuna

Wata rana wani dattijo a aji ya ce mini, "Malam, na samo ɗan dashe, na kuma samo kasko mai kyau. Yau zan haɗa su?" Na ce masa, "Baba, a ajiye kaskon nan a ɗaka tukuna, sai nan da shekara uku." Ya yi dariya, yana tsammanin wasa nake yi.

Ba wasa ba ne, kuma nan ne yawancin masu koyo suke yin kuskure. Abin da yake sa ɗan ƙaramin itace ya yi kama da tsohon itacen daji shi ne kaurin gindinsa. Itace kuwa ba ya yin kauri a ƙaramin kasko. Saiwa ba ta da wurin tafiya, rassa ba sa yawa, gindi sai ya tsaya kamar fensir. Za a shekara goma ana ba shi ruwa, yana nan jiya i yau.

Saboda haka ɗan dashe a babban mazubi ake fara sa shi. Tsohon bokiti ya isa, ko akwatin katako mai faɗi, muddin an huda ƙasansa da kyau. Wanda yake da fili yana iya dasa shi a ƙasa, ya ma fi saurin kauri. Kafin a dasa, a zare shi daga ledarsa, a karkaɗe ƙasar, a nemo doguwar saiwar nan ta tsakiya wadda take nutsawa ƙasa, a datse ta. Sauran ƙananan saiwoyin a baza su ta ko'ina kamar yatsun hannu a kan tabarma. Wasu sukan sa fasasshen tayil ko ɗan faifan katako a ƙarƙashin gindin, don saiwa ta bazu gefe maimakon ta yi ƙasa. Dabara ce mai kyau. Bayan shekaru, waɗannan saiwoyin ne za su bayyana a saman ƙasa kamar ƙafafun da suka riƙe itacen.

Ƙasar da za a zuba kada ta zama mai danƙo. A haɗa ƙananan tsakuwa ko yashi mai manyan ƙwayoyi kashi biyu, da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. A tankaɗe da rariya a zubar da ƙurar. Gwajin ba shi da wuya: a zuba ruwa, in ya fita ta ƙasa nan take, ƙasar ta yi, in ya kwanta a sama, a ƙara tsakuwa.

Daga nan sai a ƙyale shi ya yi girma yadda yake so. Zai yi tsawo, zai yi buzu-buzu, ba zai yi kyan gani ba. A daure. Musamman rassan da suka fito can ƙasa kusa da gindi, kada a taɓa su, domin kowane reshe yana ƙara wa jikin itacen kauri daga inda ya fito zuwa ƙasa. Ana barin irin wannan reshe ya yi aikinsa, daga baya a cire shi. Sai dai kada a bari ya yi ƙato ainun, don tabon da zai bari zai daɗe bai rufe ba.

Ga ɗan lissafi. Masu wannan sana'a sukan so tsawon itacen ya zama kamar ninki shida na kaurin gindinsa. Ba doka ba ce, ma'auni ne na taimakon ido. Idan kuna son itace mai tsawon santimita 30, sai ku jira gindin ya kai santimita 5. Idan mai santimita 42 kuke so, kaurin nawa za ku jira? Ku rubuta amsar a littafinku.

Sara na farko

Idan gindi ya kai kaurin da ake so, sai a ɗauko zarto. Wannan rana tana da ban tsoro ga mai koyo, domin itacen da ya fi shi tsawo zai mayar guntu. A sare shi a wajen sulusin tsawon da ake so ya kasance a ƙarshe. A yi saran lokacin ɗumi, sa'ad da itacen yake cikin ƙarfinsa yana fitar da sabon toho. Ba a sare itacen da yake fama da rashin lafiya, ba a kuma haɗa masa sara da yankan saiwa mai yawa a rana ɗaya.

Kasuwarina tana da wata baiwa: takan yi toho daga tsohon jiki. Bayan 'yan makonni za ku ga 'yan korayen tsiro sun fito a kewayen kututturen. Ku bar su su ɗan yi ƙwari, sa'an nan ku zaɓi guda ɗaya na kusa da sama ya zama sabon kai. Shi za a bari ya miƙe, ya yi shekara ko fiye, sai a sake sare shi sama kaɗan da wurin farko. Da haka jikin yake zama mai kauri a ƙasa, yana sirancewa zuwa sama, ga kuma ɗan lanƙwasa a duk inda aka yi sara. Idan tsiro da yawa suka taru a wuri ɗaya, a rage su, a bar ɗaya ko biyu. In ba haka ba wurin zai kumbura ya yi ƙululu, kuma ƙululu ba ya gyaruwa.

Yanzu ku zauna, ku ɗora mazubin daidai idonku, ku riƙa juya shi. Wane gefe ne saiwa ta fi kyau? Ta ina lanƙwasar ta fi fitowa? Ina tabon sara ya ɓuya? Wannan gefen shi ne fuskar itacen. Ku kafa tsinke a gabansa don kada ku manta. Reshe na farko yakan fito a sulusin tsawon itacen, ya nufi dama ko hagu. Na biyu ya ɗan fi shi sama, ya nufi ɗaya gefen. Na uku ya nufi baya. Reshen da ya tsone wa mai kallo ido, da wanda ya gitta ta gaban jiki, da biyun da suka fito daura da juna kamar mutum ya ware hannuwa, duk a rage su.

Waya

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a jikin kasuwarina maganar ba ta da ragi. Sabon reshe yana bin hannu kamar igiya. Wanda ya riƙa kuwa ba ya gargaɗi, ƙaras kawai za ku ji.

Wayar alminiyam ake amfani da ita, mai kaurin sulusin reshen. Reshe mai milimita 6, waya mai milimita 2. A yanko wadda ta fi reshen tsawo da rabi. A fara naɗe ta a jikin itacen don ta sami madogara, sa'an nan a bi reshen da ita a karkace, ba a matse ba, ba kuma sako-sako ba. A lura kada a danne korayen zaren a ƙarƙashinta. Idan an gama naɗi, a riƙe da hannu biyu, manyan yatsu a cikin lanƙwasar, a tanƙwara sannu-sannu. Rassan tsohon itace ƙasa suke rusunawa, don haka a saukar da su kaɗan. Sau ɗaya ake lanƙwasawa. Kai da komo yana raba ɓawo da itace, reshen ya mutu.

Ni kaina na taɓa naɗa waya na yi tafiya. Da na dawo bayan wata biyu, ta nutse cikin ɓawon, tabon yana nan har yau, ya kewaye reshen yadda wayar ta bi. Itacen nan yana saurin kauri. A duba waya duk mako biyu, da ta fara cizo a cire. Kuma da filaya ake gutsuttsura ta, ba a warware ta, don wajen warwara ne reshe yake karyewa. In reshen ya koma yadda yake, a sake naɗa sabuwa.

Aski

Nan ne gaɓar da muka gani ɗazu take da amfani. Idan aka sa almakashi aka yi wa korayen zaren aski kamar gashin kai, bakin kowanne zai ƙone ya yi ja, itacen ya yi kamar wuta ta lashe shi. A maimakon haka, a riƙe zaren da hannu ɗaya, a ja ƙarshensa da ɗaya hannun, ya rabu a kan gaɓa. Aiki ne mai cin lokaci, amma baki ba ya ƙonewa sosai, kuma sabon toho yana fitowa a bayan wurin. Almakashi na rassan da suka yi itace ne. A cire zaren da suka taru a hammatar reshe da waɗanda suka cushe ciki, don rana ta shiga. Reshen da rana ba ta kai gare shi yakan bushe.

Masu reno sun kasu biyu a kan siffa. Wasu suna gajarta zaren ƙwarai, su tara su faifai-faifai a kan kowane reshe, itacen ya fito kamar fayin na Japan, wani itace mai ganye kamar allura. Wasu kuma suna barin zaren da ɗan tsawo su yi lilo, yadda itacen yake a bakin teku. Ni na fi son na biyun, don iska tana samun abin kaɗawa. Amma na farkon ya fi nuna lanƙwasar rassa, kuma ba zan ce wanda ya zaɓe shi ya yi laifi ba.

Rana, ruwa da kasko

Kasuwarina ba itacen ɗaki ba ce. Rana take so, ta wuni a cikinta. Kada kuma jurewarta a daji ta ruɗe ku: a can saiwarta tana bin ruwa zuwa ƙasa, a mazubi kuwa abin da kuka ba ta shi ke nan. Idan ƙasar ta bushe ƙayau ko da na kwana ɗaya ne a lokacin zafi, tana iya mutuwa, kuma zaren yakan daɗe da ɗan korensa, ba za ku gane ba sai aikin gama ya gama. Ku tura yatsa cikin ƙasar kowace safiya. In saman ya fara bushewa, ku ba ta ruwa har ya fita ta ƙasa. Ranar zafi da iska tana iya neman sau biyu. Taki kuwa kaɗan-kaɗan, rabin abin da aka rubuta a jikin kwalin, lokacin da take toho.

Sai manyan rassa sun zauna ake ɗauko kaskon nan da aka ajiye. Tsawonsa ya zama kashi biyu cikin uku na tsawon itacen, kuma ga wannan itace mai son ruwa gara ya ɗan yi zurfi. A rage saiwa kamar sulusi, a bar masu laushi da ƙulle-ƙullensu, a ɗaure gindin da waya ta ramukan kaskon don kada iska ta girgiza shi. A tura ƙasa tsakanin saiwoyi da tsinke, a ba shi ruwa sosai, a sa shi a inuwa mako biyu ba taki. Bayan haka a riƙa sake masa ƙasa duk shekara biyu.

Aikin gida: ku samo 'ya'yan kasuwarina da suka yi ruwan ƙasa amma ba su buɗe ba, ku zuba su a jakar takarda, ku ajiye a wuri busasshe. Bayan 'yan kwanaki za su buɗe, ƙananan iri masu fiffike su zubo. Ku ƙirga su, ku rubuta adadin da kwanan watan a littafinku, ku zo da su aji mako mai zuwa, kowa da gwangwaninsa da aka huda.