Ƙugi a Tsohuwar Amfilifaya Mai Bawul: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyara

Quad II ta 1953 da Leak Stereo 20 ta 1958, duk ƙirar Ingila, da Dynaco ST-70 da ta fito a Amurka a 1959, amfilifayoyi ne, wato na'urorin ƙara ƙarfin sauti, masu aiki da bawul (kwalaben gilashi masu kama da kwan fitila), da aka ƙera da inganci, shi ya sa har yau ake gyara su ana saurare. Amma da wuya ka samu wadda ta haura shekara sittin ba ta ƙugi. Ƙugin nan ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba, kuma ɓarna mai yawa tana faruwa ne a hannun mai gyaran da ya ɗauki dalma kafin ya gano inda ciwon yake.

Kuskuren farko tun kafin a kwance murfi ake yin sa: a ɗauko na'urar da ta yi shekaru a ajiye, a soka ta a soket don a ji ko tana aiki. Manyan kwandensa (ma'ajiyar wuta ta ɗan lokaci) masu tace wuta suna da jiƙaƙƙen sinadari a ciki, idan sun daɗe ba wuta sai su bushe su lalace. Ka ba su cikakkiyar wuta lokaci guda, ko dai su fashe ko su ja wutar da za ta ƙona taransifoma, ita kuwa ba kasafai ake samun madadinta ba. Ka sa kwan fitila irin na da mai zare, wat 60 ko 100, a kan hanyar wayar wuta, ta yadda sai wutar ta bi ta cikinsa za ta shiga na'urar. Idan ya haska sannan ya dushe, da sauƙi. Idan ya tsaya da haske sosai, kashe nan take. Kwan LED ba ya wannan aikin. Kada kuma ka kunna ba sifika a haɗe, don taransifomar fitar da sauti tana iya lalacewa.

Kafin hannunka ya shiga ciki, ka sani akwai volt 300 zuwa 500 a wurin, kuma kwandensa na iya riƙe su bayan an zare fulogi. Wannan wuta tana kisa. Masu haɗa bakin kwandensa da sukudireba har ta yi tartsatsi suna cutar kwandensar, suna kuma wasa da ransu. Ka sauke wutar ta resista mai kamar ohm dubu 47, wat 5, sannan ka auna da mita ka tabbatar ta sauka.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar kowane ƙugi a matsayin laifin manyan kwandensa. Wutar gida a Ingila 50 Hz ce, wato tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, haka ma a Najeriya da Nijar, ta Amurka kuwa 60. Bayan raktifaya ta juya wutar daga mai kaɗawa zuwa mai tafiya hanya ɗaya, ragowar kaɗawar da take bari ninki biyu ce, wato 100 Hz. Don haka ƙugi iri biyu ne. Mai 100 Hz, wanda muryarsa ta ɗan fi tashi, shi ne yake nuna kwandensan tacewa sun gaji. Mai 50 Hz, mai kauri can ƙasa, yawanci daga wayoyin hita (zaren da ke ɗumama bawul) yake, ko daga yadda aka haɗa wayar ƙasa, ko daga maganaɗisun taransifoma. Ka canza kwandensa goma, irin wannan ba zai motsa ba. Idan kunnenka bai bambance ba, akwai manhajojin waya masu nuna yawan Hz na sauti, ka kara wayar a gaban sifika ka karanta. Abin lura ga mai gwaji da janareta: ba lallai ya tsaya a 50 daidai ba, sai ka duba wanne ne ninkin wanne.

Daga nan sai ka bi sawu. Cire duk abin da aka jona a mashigar sauti, ka haɗe mashigar da ƙasa. Idan ƙugin ya ɗauke, na'urar ba ta da laifi, matsalar tana wajen kebul ko abin da aka haɗa ta da shi. Idan ƙugin yana zuwa da zarar an kunna, tun bawul ba su yi zafi ba, to ba ta cikinsu yake bi ba: taransifomar wuta ce take watsa wa ta sauti maganaɗisu, ko kuma jikinta ne yake rawa saboda kusoshi sun saki, har za ka ji shi a tafin hannu idan ka dafa murfinta. Idan kuwa sai sun yi zafi yake tasowa, ka kashe, ka cire ƙaramin bawul na farko, EF86 ko ECC83 gwargwadon na'urar, ka sake kunnawa. In ya tafi, daga nan yake shiga, kuma sau da yawa hitar bawul ɗin ce take yoyon wuta zuwa katod, ƙarfen da take ɗumamawa a cikin bawul ɗin. Canjin bawul guda ya wadatar.

Wanda ya tabbatar kwandensan tacewa ne, sai wani kuskuren ya tare shi, wai a sa mafi girma don a kashe ƙugin gaba ɗaya. Bawul ɗin raktifaya yana da iyakar abin da zai iya cikawa. GZ34, wanda ke cikin Leak Stereo 20 da Dynaco ST-70, iyakarsa mikrofarad 60 ne a kwandensa ta farko, EZ81 kuwa 50. Ka zarce, sai ka ga tartsatsi a cikin kwalbar lokacin kunnawa. In ana son ƙari, a kwandensa ta biyu ake yin sa, bayan cok (naɗaɗɗiyar waya mai tace wuta) ko resista. Haka nan maye gurbin raktifaya da dayod na silikon ba tare da lissafi ba yana ɗaga wutar sama da yadda aka tsara, kuma tana isowa tun sauran bawul suna sanyi.

Ana mantawa da ƙananan kwandensa na takarda masu miƙa sauti daga bawul zuwa bawul, alhali su suka fi yin ɓarna. Idan suka fara yoyo, wuta tana hawa girid, wato mashigar sauti ta cikin bawul, na EL84 ko KT66, manyan bawul masu fitar da sauti, bawul ya riƙa jan wuta fiye da kima har farantinsa ya yi ja kamar garwashi. Tunda waɗannan bawul biyu-biyu suke aiki suna soke ƙugin juna, da ɗaya ya rinjayi ɗan'uwansa sai ƙugi ya ɓullo. A Leak Stereo 20 akwai wata dabara da nake matuƙar jinjina wa maƙeranta: resista mai ohm 100 da aka liƙa ta yadda idan wuta ta yi yawa za ta yi zafi, dalmarta ta narke, ta faɗo, wutar ta yanke. Idan ka tarar da ita a kwance a gindin na'urar, aikinta ta yi. Mai gyaran da ya mayar da ita ya naɗe ƙafafunta tam don kada ta sake faɗowa ya cire wa taransifoma kariyarta ne, kuma bai taɓa asalin matsalar ba. A ST-70 kuma, kwandensan bayas (wutar da ke daidaita yawan wutar da manyan bawul suke ja) ƙafarsu mai alamar + ce take zuwa ƙasa, saɓanin yadda hannu ya saba. Bayan an canza tsohuwar raktifayar seleniyam da 1N4007, dole a sake saita bayas zuwa volt 1.56.

Wayoyin hita masu volt 6.3 a murɗe suke da juna, a kwance a lungun ƙarfen jikin na'urar, nesa da wayoyin girid. Ba ado ba ne, murɗewar ce take soke maganaɗisunsu. Ka ɗauki hoto kafin ka taɓa, ka mayar da kowace inda take. Idan hitar ba ta da wayar tsakiya mai zuwa ƙasa, resista biyu masu ohm 100, ɗaya daga kowane gefe zuwa ƙasa, suna rage ƙugi sosai.

Akwai kuskuren da ba na yi masa uzuri ko kaɗan, wato yanke wayar ƙasa ta fulogi saboda an ga ƙugi ya ɗauke. Lalle yana ɗaukewa, domin an katse zoben da ke tsakanin na'urori biyu masu haɗe da ƙasa ta hanyoyi biyu. Amma ranar da taransifoma ta yi yoyo, ƙarfen jikin na'urar ne zai ɗauki wuta, wanda ya taɓa shi ne zai zama hanyar ƙasa. Ka jona duka na'urorin a soket guda, ko ka sa ƙaramar taransifomar raba sauti a kan kebul. Ka kuma auna soket ɗin kansa, don ba kowane mai rami uku ne aka ja wa wayar ƙasa ba.

Idan na'urar ƙirar Amurka ce, taransifomarta ta volt 117 ce a 60 Hz. Ko ka sa mata mai rage wuta, a 50 Hz za ta fi zafi ta fi rawa, sai ka bar mata iska ka riƙa duba zafinta. Na Ingila kuwa suna da wurin zaɓen ƙarfin wuta a jiki. Ka auna wutar soket ɗinka, ka sa shi a lambar da ta yi daidai ko ta ɗan ɗara, sannan ka auna hita ka ga tana kusa da 6.3.